Ta'aziyyar Farfesa Sefakor Adzraku, Wadda Ta Kai Mu Wurin Tsofaffi

Da hantsin ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta, aka bugo mini waya daga garin Ho na ƙasar Ghana cewa Allah Ya yi miki rasuwa, Farfesa. Matar da ke kawo miki burodi ce ta same ki zaune a kujera, rediyo na ta magana, ke kaɗai a gidan. Daga Allah muka fito, gare Shi kuma kowa zai koma.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na fara ganinki. Ina aji biyu a jami'a, ina karatun zanen gine-gine. Mahaifiyata ba ta daɗe da rasuwa ba, ga dogon hutu ya gabato, ni kuwa ba na son komawa gidan da babu kowa. Sai na ga sanarwarki a allo, kina neman ɗalibai takwas daga kowane fanni, su yi mako shida a Anyako, wani garin masunta da ke bakin tafki, suna nazarin tsufa. Na faɗa miki gaskiya cewa wurin fakewa nake nema. Kika yi dariya, kika ce in zo, tsofaffin ma ba su da wurin zuwa.

Kin haɗa mai karatun likita da mai karatun shari'a da mai karatun harshe da ni a ɗaki ɗaya, muna ta gardama. Dokarki ɗaya ce, ba a buɗe littafin rubutu a makon farko. A share tsakar gida, a ɗebo ruwa, a ci tuwon masararsu, akple, da miyar kuɓewa tare da masu gida, a saurara.

Aka ba mu Togbi Amuzu, tsohon masunci wanda ya shekara biyu bai fita daga ɗakinsa ba. Mai karatun likita ya ce gwiwa ce. Ni kuma na auna dokin ƙofarsa, wanda aka ɗaga saboda ambaliya, na zo miki da murna na gano matsalar. Kika dube ni kika ce, "Enyonam, shi kin tambaye shi?"

Na koma na tambaye shi. Ya ce, "Jikata, ku 'yan boko har mutum takwas a kan ƙafa ɗaya? Dokin ƙofar ya yi tsawo, gaskiya ne. Amma ko na ƙetare, wurin wa zan je? Waɗanda muka ja taru tare duk suna maƙabarta."

Na dawo na faɗa miki abin da ya ce. Ke ce kika sa muka rage tudun ƙofar, sannan kika bi gari gida-gida har kika samo wasu tsofaffi uku masu irin zamansa. Ranar da muka fito da shi bakin tafki, ya daɗe yana kallon ruwa, daga baya ya fara yi wa masu kwalekwale faɗa wai ba su iya ɗaure taru ba. Sun ci gaba da haɗuwa a wurin har ya rasu bayan shekara uku. Duk asibiti da gidan da na zana tun daga lokacin, da shi a raina nake zanawa.

Kin yi ritaya kika koma Ho, 'yarki tana Kanada, amma ba ki bar shirin ba. Kowane hutu kina karanta rahoton ɗalibai da jan biro, kina kiran kowa da sunansa. Ni ma kina kirana, yawanci ran Lahadi bayan coci. A watan Yuni kika ce, "Ba aiki zan ba ki ba, 'yata. Ki zo kawai mu ci abinci, gidan ya yi shiru." Na ce miki sai na gama wani gini a Accra. Tafiyar awa uku ce, Farfesa. Ke kika koya mini gane wannan maganar a bakin tsoho, kika faɗe ta da bakinki, ban zo ba.

Ɗaliban bana suna Anyako har yanzu, saura mako guda su gama. Na yi magana da su jiya, sun ce ba su san wa za su miƙa wa rahotonsu ba. Na ɗauki hutu, gobe zan tafi in zauna da su. Ban iya abin da kika iya ba, amma zan karanta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki Dela, da ƙaninki Efo Kwadzo, da mutanen Anyako, da duk wanda ya taɓa yin hutu a hannunki. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Allah Ya gafarta miki, Ya yi miki rahama, Ya haɗa ki da mutanen kirki inda ba za ki ƙara zama ke kaɗai ba. Ki yafe mini, Farfesa. Amin.

Enyonam Kpeglo