Idon da Na Gado a Wajen Kakana

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare Babana ya fara kai ni tsinkar tumatir. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Kura ba. Gonarmu tana gefen babban kanal na ban ruwa, 'yar tafiya kaɗan daga gari, kuma duk Asabar da Lahadi ni da yayana mukan bi Baba da sassafe, kowa da kwandonsa.

Aikin ba shi da wuyar faɗa: ka bi kunya, ka tsinki wanda ya nuna, ka bar ɗanye. Yayana kafin hantsi ya cika kwando biyu. Ni kuwa sai in tsaya ina ɗaga ganye, ina neman abin da shi yake hangowa tun daga nesa. In na kawo nawa aka juye, sai Baba ya tsuguna yana ware ɗanyu gefe guda.

"Wai kai ina ka ajiye idonka?" in ji shi. "Wannan ne ja?"

"Baba, na ga kamar ya nuna."

"Kamar! Abu kore shar a hannunka, ka ce kamar?"

Baba ba mai duka ba ne, amma ya yanke cewa rashin natsuwa ke damuna. Goggona, yayarsa, in ta zo gidanmu ta ji labari, sai ta ɗaga murya yadda Ummana za ta jiyo daga madafa, ta ce, "Wannan dai ba halin gidanmu ba ne."

A makaranta ma haka. An taɓa ba mu taswira aka ce mu shafa wa daji kore. Na zaɓi fensirina, na yi aikina tsaf, ban fita layi ba. Da malama ta ɗaga takardata sai aji ya fashe da dariya, wai na mai da daji jan ƙasa. Ta rubuta a ƙasan takardar cewa ba na sauraro. Ni kaina na yarda da hakan, tunda kowa ya faɗa.

Da Babbar Sallah ta zo, Umma ta aike ni da nama wajen mahaifinta, a wani ƙauye kusa da Bunkure. Na hau acaɓa na je, aka ce yana lambu. Na iske shi a tsugune tsakanin kunyoyi, tsoho siriri mai yawan tsokana. Ko gaisuwa bai bari na ƙarasa ba ya turo mini kwando.

"Ɗan birni, zo ka biya kuɗin furar kakarka da gumi."

Na kama aiki. Na lura yana kallona ta wutsiyar ido. Can sai ya kira ni, ya ɗago tumatir biyu, ɗaya a kowane hannu.

"Wanne ne ja?"

Na duba, na sake dubawa. Na nuna na dama, canke kawai.

"Ka tabbata?"

Sai ya kwashe da dariya har da tari, ya zauna daɓas a kan kunya.

"To ni ma ban sani ba," in ji shi.

Na ɗauka tsokanar ce. Ya rantse mini cewa tun tasowarsa bai taɓa raba ja da kore ba sai in launin ya yi ƙarfi sosai. Ya ce yana yaro ya sha ranƙwashi a kan haka, har ya koyi rufe bakinsa. Kakata ce kaɗai ta sani, ita take zaɓa masa hula in zai fita. 'Ya'yansa maza, kawunnaina, duk idonsu lafiya lau, shi ya sa ya ɗauka abin a kansa ya tsaya.

"To yaya kake tsinka?" na tambaye shi.

Ya kama hannuna ya ɗora a kan wani tumatir da ke jikin reshe. "Danna da babban yatsa, a hankali. Ka ji ya ɗan ba ka hanya? Yanzu murɗa. Nunanne ba ya gardama, da kansa yake sakin reshe." Ya kai shi hancina. Ya tsinko ɗanye ya ce in sansana shi ma. Ɗanyen warin ganye yake, ga tauri kamar goriba. Muka yi ta yi har azahar. Da muka kai kwanduna gida kakata ta juye nawa ta duba, ɗanyu uku kawai ta fitar.

Da na dawo Kura na ba Umma labari tana tsince shinkafa. Ta ajiye faifan.

"Ikon Allah," ta ce. "Ina ƙarama yakan kira ni a kasuwa ya ce, 'Wane launi ne wannan yadin?' Ni a zatona gwada ni yake yi." Sai ta fara dariya, tana yi tana share ido da gefen zaninta.

Da aka koma makaranta na tsaya bayan an tashi, na faɗa wa malaminmu na kimiyya matsalar idona. Mutum ne mai sanyin magana, ɗan unguwarmu. Bai yi mini dariya ba. Washegari ya zo da wani littafi mai shafi cike da ɗige-ɗige, ya ce in karanta lambar da ke ciki. Ban ga lamba ba. Ya zagaya da littafin cikin aji, kowa na faɗar ta da ƙarfi, sai wani abokina da ke zama a baya, shi ma ya ce ɗige kawai yake gani. Ranar malam ya ajiye darasin da ya shirya, ya yi mana bayanin gado. Ya ce wannan abu a halitta yake, ba ya ƙaruwa, ba shi da magani, kuma ba ruwansa da kaifin ƙwaƙwalwa. Ya ce ɗa namiji ba ya ɗaukarsa daga uba. Uba kan ba 'yarsa, ita ta riƙe shi ba tare da ya taɓa idonta ba, sannan ta ba wani cikin 'ya'yanta maza, wani kuma ya tsallake. Nan na gane dalilin da ya sa kawunnaina da yayana suka fita, ni na shiga.

Malam ne ya tari Baba bayan sallar Juma'a ya yi masa bayani. Da Asabar ta zo, muna isa gona ya tsuguna a bakin kunya ya ce, "Nuna mini yadda tsohon yake yi." Surukinsa ne, ba ya kama sunansa. Na nuna masa. Ya rufe ido ya laluba, ya tsinko ɗaya, ya buɗe ido, sai ga shi ɗanye. Yayana ya juya baya yana ƙunshe dariya.

"Ashe da aiki," in ji Baba.

Daga ranar ya bar ni ina tsinka a hankali yadda na iya, kuma ya ɗora mini ban ruwa, aikin da na fi so: in buɗe wa ruwa hanya daga kanal, in bi shi da fartanya kunya bayan kunya, ƙafata cikin sanyin laka. Goggo da ta ji bayanin sai ta ce, "Ai dama na faɗa, daga can ne." Baba ya ce, "Daga can ɗin ne, Yaya. Ba kuma laifin kowa ba ne." Ta kama wata hirar.

Bayan haka na riƙa zuwa Bunkure kusan duk hutu. Ni da kakana muka zama kamar abokai. In mun shiga kasuwa tare sai mu tsaya gaban mai yadi muna musu a kan launi, kowa na rantsuwa, mai yadin yana kallonmu ya rasa wa zai gyara wa.

Shekarar da na gama sakandare yayata mace ta haifi ɗa namiji. Kakana ya zo suna duk da ciwon gwiwa, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Da aka miƙo masa jaririn ya daɗe yana kallon fuskarsa, ya yi masa addu'a, sannan ya jawo ni kusa ya yi ƙasa da murya.

"Wannan ma ta wajen mace ya biyo, ko?"

Na ce, "Haka malam ya ce. Yana iya ɗauka, yana iya tsallakewa."

"To a bar shi ya yi wayo tukuna," in ji shi. "In namu ne, ka kawo mini shi da wuri, kafin a fara ranƙwashinsa."

Ya mai da jaririn, ya ce a kawo masa waina tun da zafinta.