Ma'azu, da waƙafinsa a sama

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labarin rasuwar Malam Ma'azu, ubangidana a aikin rubuta manhaja, ya riske ni, kuma ta mafi ƙazantar hanya.

Shef ɗin biro namu, wato shugaban ofis, shi ne ya rubuto a gurup ɗin aiki: "Maazu ya rasu. Wa ke da kod ɗin baz?"

Jama'a, ku dubi wannan gagarumar fasaha. Layi ɗaya tal, an yi sanarwa, an nemi gado, wato kalmar sirrin rumbun bayananmu, an kuma datse wa mamaci suna.

Malam ɗan Yekuwa ne. Ya sha ba ni labarin shigarsa lakwal, makarantar boko, a shekarun saba'in, inda mushe, malamin ajinsu, ya rubuta shi "Maazou", ya ce ɗan waƙafin nan na sama ba shi da gurbi a takarda. Bai taɓa hucewa ba.

Lokacin da na fara aiki a manhajar rajistar rigakafin yara ta Magariya da Dungas, ni mai girma sarkin gaggawa, manna suna nake yi kai tsaye cikin umarnin da ke zuwa rumbun bayanai. Ran nan wata Asma'u ta taho a ƙasa daga Sassumbrum da goyonta. Ana buga sunanta, waƙafin ya tsinke umarnin, komai ya tsaya.

Shef ya ce a goge waƙafin kawai.

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, matar ba ta da laifi, yaron nan ne jaki." Ya saya mini shayi, ya zaunar da ni. "Umarni daban, suna daban. Ka bar masa gurbi, rumbun ya karɓe shi a matsayin baƙo. In waƙafi ya iya karya maka aiki, ɓarawo ma zai iya." Shi ya koya mini rufe kowace koneksiyon da na buɗe zuwa rumbun, wai gugan rijiyar gari ne, wani na jira.

Ganinmu na ƙarshe yana kwance, muryarsa ta dushe. Ya ce, "Jakina, kod ɗin nan na hannunka. Ɗan ƙanwar Shef na so ya share waƙafin kowa da umarni guda. Ka san abin da zai biyo baya."

Na sani. Katin da ke hannun uwa zai saɓa da abin da ke rumbu, a ce ba a san ɗanta ba, ta koma gida ba allura.

Saboda haka, Shef, cikin ladabi da cikakkiyar biyayya: ban bayarwa. A kore ni.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Ku sa shi a addu'a, don Allah. In za ku rubuta sunansa a ƙasa, ku ɗora masa waƙafinsa. Ita kanta addu'ar da shi ake rubuta ta.