Gadar Kawu da Tsinken Tsire

Ƙaura Namoda

Ana idar da sallar asuba na nufi tasha, kwamfutata a jaka. Kawu Bawa ne ya kira daga ƙauyenmu kusa da Shinkafi: bim, wato dogon kankaren da ke ɗauke da 'yar gadarsu, ya tsage, ana maganar rufe ta. In aka rufe, sai dai gero ya zagaya ta daji, hanyar da kowa ke tsoro. Ni injiniya ne, na riga na zana gadar a kwamfuta, lissafi ya ce za ta tsaya. Direba ya cusa mu huɗu a baya, muka wuce shingen sojoji biyu.

Moriki

Nan aka tsare mu har azahar, sai an tabbatar gaba lafiya. Yunwa ta kai ni wajen mai tsire, na zauna na buɗe kwamfutata.

"Malam, mi kaka ta dubawa cikin wagga na'ura?" in ji direba.

Na ɗaga tsirena. Na ce haka nake yi wa bim ɗin gadarmu: in yanka shi gunduwa-gunduwa kamar naman nan, rodi ya ratsa su kamar tsinke, kwamfuta ta lissafa nauyin kowane yanki. Ina rufe baki naman ya zame, ya faɗi ƙasa.

"To, gadarka ta hwaɗi!" Ya ƙyalƙyale da dariya.

Ni gabana ne ya faɗi. Lissafina ya ɗauka kankare na riƙe da rodi gam. In tsatsa ta shiga tsakaninsu fa?

Shinkafi

Babur ya ƙarasa da ni bayan la'asar. Ko ruwa ban sha ba na shige ƙarƙashin gada da guduma, Kawu na tsaye a kaina. Na fasa bakin tsagar a hankali. Ga rodi fes, ba tsatsa, kankare ya kama shi ko'ina. Na auna kaurinsa, na sake lissafi a zaune kan yashi. Na ɗaga kai na dubi Kawu.

"Kawu, ginshiƙi ɗaya za a ƙara a tsakiya. Ba rufewa."

"Alhamdu lillahi! Ɗan nan, kwana ukku ban yi barci ba."

Washegari na iso gida lafiya, na gode wa Allah. Ban sauke jaka ba Kawu ya kira: mutanen gari sun fara haƙa ramin ginshiƙi, wai in zo da irin tsiren da na ba shi labari ranar zubin kankare.