Lambar Motar Bong Man-su

Shekara talatin da ɗaya Bong Man-su yana kai busasshen barkonon ƙauyensu kasuwar gunduma a 'yar a-kori-kurarsa shuɗiya. Motoci uku ya tsufar a kan hanyar, ita ma hanyar ta rama. Ko kaza bai taɓa bugewa ba, amma 'yarsa Hye-ran ta sa masa ido: kuskure ɗaya take jira ta sayar da motar, ta kwashe shi zuwa birni, hawa na goma sha biyu, inda ƙasa sai dai a hango ta.

Man-su bai damu da manyan lambobin kalanda ba. Ƙananan da ke ƙarƙashinsu yake bi, na lissafin wata, waɗanda da su ake shuka, da su ake tuna mamata. Da can matarsa ke kula da inshorar motar. Da ta rasu sai ya ɗaure abin da ranarta: ya shirya mata teburin tunawa, ya zuba shinkafa da miya, ya rusuna, washegari ya je ya sabunta. Shekara biyu haka ta yi masa daidai. Ta uku ta zo da wata goma sha uku, don lissafinsu kan ƙara wata guda jefi-jefi, ranar tunawa ta yi jinkiri, inshora kuwa ba ta san lissafin wata ba, ta riga ta ƙare. Saƙonnin gargaɗi wayar marigayiya suke shiga, tana cikin durowa a kashe.

Ana gobe ranar tunawa, ya gama ciniki ya tarar da goshin motar tsirara. Ma'aikatan gunduma sun kwance lambar motar, sun manna takardar rashin inshora a gilashi.

"Tsoho, an cire wa amaryarka haƙoran gaba," in ji Gwi-ja mai sayar da kifi.

"Ke naki wa ya cire?"

"Nawa ba su hana ni fita ba. Kai fa, da me za ka ɗauko 'yarka gobe a tashar jirgin ƙasa?"

Washegari ya bi bas ɗin farko. Ya sabunta inshora a bankin manoma, ya kai shaida ofis, ya biya tara. Ma'aikaciyar ta miƙo masa lambar da hannu biyu.

"Baba, manyan lambobin kalanda za ka riƙa dubawa."

"Manyan naku ne, 'yata. Ba su san lokacin shuka ba."

Lokaci ya ƙure masa. Motar na can bakin kasuwa, jirgi kuma ya kusa shigowa. Da ƙafa ya isa tasha, lambar a naɗe cikin ƙyalle a hammatarsa.

Hye-ran ta dubi filin ajiye motoci, ta dubi ƙunshin.

"Baba, kifi ne wannan?"

Bai iya ƙarya a ranar matarsa ba. Ya kwance ƙyallen, ya faɗa mata komai, har zancen wata na goma sha uku.

Suka taka har kasuwa. Ta tsuguna da kayanta na birni ta riƙe lambar, shi yana ɗaure kusoshi.

"Inshora ta dawo wayata," ta ce. "Na ƙara maka shekara ɗaya da motar. Daga gida zuwa kasuwa, ban da babban titi."

"Biyu."

"Ɗaya, Baba. Buɗe min ƙofa, Mama na jira."