Rubutun Da Ya Ƙi Wankuwa

Abubuwa da yawa sun same ni a wannan aiki waɗanda yanzu ko an tuna min sai na yi dogon tunani, amma kwana ukun da na yi a gidanmu na Karaye a wata damina, su kam ba za su bar raina ba har in koma ga Mahaliccina. Na daɗe ban ba wa kowa labarin ba, don ba irin labarin da mutum ke bayarwa yana ɗaga kai ba ne.

Ni malamin jami'a ne, kuma rabin rayuwata a ɗakin gwaje-gwaje na yi ta. Ana ce min dakta, amma na karatu ne, ban taɓa rubuta wa mara lafiya ko maganin mura ba. Bincikena a kan ƙwayoyin asali ne da ke cikin ɓargon mutum, waɗanda daga gare su jini ke samuwa, da yadda wata rana za a yi amfani da su a raba mutane da cututtukan gado irin su sikila. A wajenmu kuwa, da yawan takardun da mutum ya buga a mujallun bincike ake auna shi. Ka rubuta, a dawo maka da ita, ka gyara, a sake dawo maka da ita, har sai idonka ya raina fata, sannan ta fito da Turancin da ko abokin aikinka na ofishin kusa ba lallai ya karanta ba.

A waccan shekarar ne lokacin neman ƙarin girmana ya yi. An ce kowa ya haɗa duk abin da ya taɓa bugawa ya miƙa kafin ƙarshen mako. A Kano ɗalibai ba sa barina in numfasa, sai na kwashi takarduna na gudo gida, na shige ɗakin soro na baza su a kan tabarma. Na gaji, gajiyar da ko gaisuwa aka yi min sai in ji kamar an ɗora min kaya.

Innarmu, Allah Ya jiƙanta, ba ta yi boko ba. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "kai" ko "wannan". Sau ɗaya ta taɓa tambayata ainihin abin da nake yi a jami'a, ni kuwa don in taƙaita magana na ce mata, "Rubutu nake yi a kan sikila, Inna." Iyakar bayanin da na taɓa yi mata ke nan a tsawon shekaru. Ashe ta riƙe maganar, duk bikin da ta je ko suna sai ta faɗa wa mata cewa ɗanta yana rubutun sikila, har Turawa ma nema suke. Ban san da haka ba sai daga baya.

Ran da na iso da hantsi, ina tsakiyar jera takardu, na ji ƙarar babur ya tsaya a ƙofar gida, sai ga sallamar mace. Na gane muryar. 'Yar kawuna ce da ke aure a Falgore, can ƙasar Rogo, abokiyar wasana tun muna yara. Na san ta binne 'ya'ya biyu, duk sikila ce ta ɗauke su, kuma na san ta ukun ma, wata yarinya 'yar shekara bakwai, tana da ita. Ina jin su suna gaisawa a tsakar gida, ana ya ruwa, ya mutanen gida, ya mai jiki. Can sai Inna ta ɗaga labulen ɗakina.

"Kai, ga 'yar uwarka nan ta zo da yarinyar, jikin ya motsa. Wajenka ta zo."

Ban ko ɗago kai ba. Na ce, "Inna, don Allah ki ba ta haƙuri, aiki ya sha min kai. In na gama zan je har Falgore in duba su."

Ta tsaya jim a bakin ƙofa, sannan ta saki labulen. Daga tsakar gida 'yar kawuna ta ɗaga murya cikin wasa, "To, Dakta, an zama manya! Gwaggo, ki ce masa ko leƙowa ya yi mu ga tumbin." Na yi 'yar dariya ni kaɗai, na ci gaba da lissafin shafuka. Tsakanina da yarinyar nan bango ɗaya ne. Da na fito na dube ta, na san abin da zan ce, domin ko ɗalibin ajin farko ya san shi: a wuce da ita asibiti yanzu, kada a koma gida.

Da aka kira azahar na fita ta ƙofar waje na tafi masallaci. Ina dawowa na tarar baƙi sun tafi, na ji daɗi a raina, Allah Ya yafe min. Sai da la'asar na lura takarda ɗaya ta ɓace daga cikin jerin. Ita ce wadda na fi ji da ita, shekara uku na yi ina fama kafin ta fito, mai hoton ƙwayoyin jini ja da shuɗi a shafin farko. Na ɗaga tabarma, na zazzage jaka, na koma mota na duba ƙarƙashin kujeru. Sauran yinin na ɓata ina neman wannan takarda, ni da na rasa lokacin da zan leƙa tsakar gida. Na tambayi Inna, ta ce min, "Ai kana da su da yawa," ta ci gaba da tsince shinkafarta. Ban fahimci amsar ba. Washegari na je shagon kwamfuta a bakin kasuwa aka sake buga min wata.

A rana ta uku da safe, na gama ɗaure kayana ina shirin komawa Kano, sai ga babur ɗin nan ya sake tsayawa. Wannan karon ina tsakar gida, babu wajen ɓuya. 'Yar kawuna ta shigo goye da yarinyar, zanin goyon duk ya jiƙe da yayyafi, a hannunta kuma wani kwanon sha mai murfi. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta juyo ta gaishe ni, gaisuwa cikakkiya babu tsokana a ciki. Sannan ta ajiye kwanon a gabana ta buɗe.

Takardata ce a ciki. Ta kumbura, ta yi laushi, gefenta ya fara dagargajewa, amma haruffan suna nan daram, ruwan kuma fari ƙal.

Ta ce, "Yaya, rubutun naka ya ƙi wankuwa. Na sa ruwan sanyi, na sa na ɗumi, na bar shi ya kwana biyu a jiƙe. Na malamai kana zuba ruwa yake sauka. Shi ne na ce ko akwai yadda ake yi da shi ban sani ba."

Na kalli Inna. Ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Na ga ba ka da sukuni, ita kuma ta taho daga nesa. Na ce kada ta koma hannu rabbana. Mai hoton na zaɓar mata, na ga kamar ya fi ƙarfi."

Sai a lokacin komai ya faɗo min. A garinmu in aka ce rubutun wata cuta, abu ɗaya ake nufi: ayoyin da malami zai rubuta a allo, a wanke, a ba mara lafiya ya sha. Ni na san haka, da shi aka raine ni. Amma da nake faɗa wa Inna kalmar, ko sau ɗaya ban tsaya na yi tunanin yadda za ta sauka a kunnenta ba. Da a wani wuri na ji wannan labari, wataƙila da na yi dariya. Ranar kuwa ban yi ba.

Na ce wa 'yar kawuna ta sauke yarinyar. Tana kwance zanin, hannun hagun yarinyar ya faɗo yana lilo. Bakinta ya karkace gefe guda, yawu na zuba, idanunta a buɗe tana kallona. Na ce mata ta matse yatsana. Da dama ta matse, da hagu ko motsi.

"Tun yaushe ta zama haka?"

"Tun jiya da rana. Na ɗauka barci ne ya danne mata hannun."

Na san sunan abin da nake gani da Turanci, na san yadda jinin mai sikila ke toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, har na taɓa kawo maganarsa a gabatarwar wata takarda tawa. Ban taɓa ganinsa a fuskar ɗan mutum ba sai ranar. Na ɗauke ta na sa a kujerar baya, uwar ta shiga ta rungume ta, na ture jakar takarduna gefe don su sami wurin zama. A asibitin garinmu aka duba ta aka ce mu wuce Kano. Hanyar da na bi sau ba adadi, ranar sai na ga ta ƙi ƙarewa, gonakin gyaɗa da dawa suna ta wucewa.

A Kano aka karɓe ta, aka yi mata ƙarin jini, aka yi duk abin da ya kamata. Likitar da ta duba ta, wadda ta taɓa zama a ajina, ta ja ni gefe ta ce, "Malam, da an kawo ta tun ranar da jikin ya motsa..." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban nemi ta ƙarasa ba. Ba zan ce da an kawo ta da wuri tabbas da ta tsira daga abin ba, wannan sanin na Allah ne. Amma na san an yi asarar kwana biyu ana jiran tawada ta narke, kuma na san wanda ya jawo.

Da yamma muna zaune a barandar asibiti ni da uwar, na tattaro ƙarfin hali na yi mata bayanin da ya kamata in yi tun shekarun baya. Na ce mata takardar nan ba magani ba ce, labarin wani gwaji ne da muka yi a cikin kwalabe, kuma ko dashen ɓargo da ake cewa yana raba mutum da sikila, ba abu ne da ke kusa da irinmu ba tukuna. Na faɗa mata alamomin da in ta gani za ta bar komai ta nufi asibiti. Duka bayanin bai kai tsawon shan kofin shayi ba, kuma ta gane shi tsaf, har tana yi min tambayoyin da suka fi na wasu ɗalibaina ma'ana.

Na zaci za ta yi min faɗa, har so nake ta yi, ko na sami sauƙi. Sai ta murza bakin mayafinta ta ce, "Alhamdu lillahi. Wallahi Yaya, kwana biyun nan ina ta cewa a raina ko ni ce ba ni da tsarkin zuciya, shi ya sa rubutun ya ƙi sauka. Ashe ba laifina ba ne."

Na ce mata, "Ba laifinki ba ne."

Yarinyar ta rayu. Yanzu ta zama budurwa, tana jan ƙafar hagu, hannun kuma ya naɗe bai ƙara miƙewa ba. In na je Falgore ita ke kawo min ruwa da hannun dama, ta gaishe ni da fara'a, don ba wanda ya taɓa faɗa mata abin da ya faru. Ƙarin girman kuwa ya fito a kan lokacinsa, aka yi ta kirana ana taya ni murna, ina amsawa. Har gobe ina rubuta takardun nan, don aikin ke nan, kuma ban ce ba su da amfani ba. Sai dai ɗokin da nake yi in na ga sunana a mujalla ya tafi, bai dawo ba.

Abin da na koya shi ne, in Allah Ya ba ka sani, mutanenka za su zo nemansa ko ka shirya ko ba ka shirya ba, kuma in ba ka ba su shi da harshen da suke ji ba, za su ɗauki abin da suka samu su yi amfani da shi yadda suka fahimta. Don haka duk wanda ya taho ƙofarka da mara lafiya a bayansa, komai gajiyarka, ka tashi ka fito da ƙafarka ka dube shi. Takarda in ta ɓace ana sake buga wata, amma hannun yarinyar nan babu shagon da zan je a mayar mata da shi.