Akwatin Kiɗan Yaya

Yayana ba makaɗi ba ne, kuma ba wanda ya taɓa gayyatarsa ya kaɗa jita a wani taro. Ma'aikacin kamfanin buga kwanon rufi ne. Tun yana saurayi yake tsayuwa gaban injin da ke danna ƙarfe, har furfura ta cinye masa kai. Injin ya bar masa yatsunsa lafiya lau, abin da bai yi wa abokan aikinsa da yawa ba, amma ya karɓi kunnuwansa a madadi. Na dama ya mutu tun kafin a sallame shi daga aiki. Na hagu ne ya rage, shi ma likita ya ce yana kan hanya, ba magani, ba tiyata, sai dai a jira.

Ni ce autar gidanmu, kuma ni na raka shi asibitin, don matarsa tana wurin aikinta na wanki da guga a otal. Likitan ya yi bayaninsa kaf yana kallona, kamar mai kunnen ba ya ɗakin. Da muka fito na maimaita wa Yaya komai a kunnen hagu, a bakin titi, masu wucewa suna waiwayenmu sun ɗauka faɗa muke. Ya gyaɗa kai. Na zaci zai ce mu nemi wani likitan, sai ya ce in raka shi wurin mai gyaran rediyo.

Jitar ta girmi aurensa. Irin ta lantarki ce, wadda in ba a jona ta da amfilifaya mai ƙara sauti ba sautinta bai fi kukan sauro ba. Amfilifayar da yake da ita ta mutu tun 'ya'yansa suna firamare, kuma kowace shekara akwai abin da ya fi ta gaggawa, yau makaranta, gobe haya, jibi ciwon wani. Shekara da shekaru a bushe yake kaɗa ta. Da kunnen ya fara nauyi sai ya ɓullo da dabara, ya riƙa ɗora haɓarsa a jikin jitar don sautin ya bi ƙashi ya shiga. Mukan yi masa tsiya cewa ko matarsa bai taɓa runguma haka ba. In ya ji ya yi dariya, in bai ji ba ma dariyar yake yi.

Shagon mai rediyon yana wani lungu bayan masu facin taya. Baba Dalma kowa ke ce masa, don ƙaurin dalma ya kama rigunansa, wanki ba ya fitar da shi. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wata amfilifaya, akwatin katako da bai fi na mai wankin takalmi girma ba. Gabansa yadi ne aka ɗaure a kan sifika guda, da makunni, da abin ƙara murya. Bayansa a buɗe yake, ana hango wasu 'yan kwalaben gilashi tsaye kamar ƙwan fitila. Tsohon ya ce daga tsofaffin rediyo ya ciro su, su ne ke ƙara ƙarfin sautin. Ya nuna wani dunƙulen ƙarfe a gefensu, ya ce taransifomar da ke kai sauti ga sifika ce, da hannunsa ya naɗe ta, da waya siririya kamar gashi.

Ni dai abin bai burge ni ba, kuma ban ɓoye ba. Na ce ga sababbi can a kasuwa masu fitilu kala-kala, sun fi araha, me za a yi da wannan akwatin kaka da kakanni? Ashe Yaya ya riga ya zaga kasuwar shi kaɗai. Ya ce muryar waɗancan siririya ce, tana tafiya ne ta inda kunnensa ya riga ya mutu. Shi mai kauri yake nema, wadda za ta tsaya a ɗan abin da ya rage masa.

Aka jona jitar, aka danna makunni, Yaya ya taɓa tsirkiya. Shiru. Na ce to ga shi nan, tun ba a je ko'ina ba. Baba Dalma ya dube ni ta saman tabarau ya tambaya ko a guje aka haife ni. Ya ce irin wannan ba ya magana sai ya ɗau zafi. Muka zuba ido, kwalaben suka fara ja a hankali kamar garwashi, akwatin ya yi wani ɗan gunji can ƙasa. Yaya ya sake taɓa tsirkiyar. Sautin ya cika shagon, ya juya kunnen hagu ya matsa kusa, ya sake taɓawa. Ban taɓa ganin hawayen Yaya ba ko ranar da mahaifinmu ya rasu, ran nan ma ban gani ba, amma leɓensa na ƙasa rawa yake yi. Na kau da kai na kalli tsofaffin rediyon da ke kan kanta.

Ba a yi wani ciniki ba. Yaya ya sayar da babur ɗinsa ya biya, abin da na yi ta mita a kai har ya daina juyo mini kunnen hagu. Ranar ɗauka, tsohon ya kama kafaɗarsa ya faɗa masa sharaɗi da ƙarfi, ina tsaye. Ya ce ga wayar nan da ta haɗa akwatin da sifika a baya, kada a kuskura a kunna a kaɗa alhali tana cire. Wannan ba irin rediyon yanzu ba ne da zai yi shiru kawai. In ƙarfin bai sami inda zai fita ba, komawa yake ya ƙone taransifomar daga ciki. Yaya ya ce ya ji. Ya rungumi akwatin a ƙirji muka shiga mota, bai yarda an sa shi a but ba.

A gida kuwa, abin da ya faɗa kawai shi ne kada kowa ya taɓa. Haka mazan gidanmu suke, suna da doka amma ba su da bayani. Ni ma da na ji sharaɗin, ban ga dalilin da zai sa wani ya leƙa bayan akwatin ba.

Ɗaki biyu suke haya a gidan da bangonsa ko tari ba ya riƙewa. A ɗakin da ke jikin nasu akwai wata nas, yarinya mai ladabi, tana aikin dare ta yi barci da rana. Yaya kuwa da rana yake kiɗansa, tunda ba shi da wurin zuwa. Yakan kunna akwatin, ya ɗora hannu a gwiwa ya jira shi ya ɗau zafi, sannan ya fara. Waƙoƙin ƙuruciyarsa ne 'yan kaɗan, su yake ta juyawa. Waɗannan watannin su ne mafi daɗi da na san ya yi. Har ƙiba ya ɗan yi. Sai dai kullum kunnen na ja da baya, kullum abin ƙara muryar na matsawa gaba, shi kuma bai san yana matsawa ba. In aka ce ya rage, yakan rage da gaske, ya ba da haƙuri, can kuma hannunsa ya koma da kansa.

Nas ɗin ta yi magana cikin mutunci, ta sake yi, sannan ta kai ƙara wurin mai gidan. Mai gidan ya tare matar Yaya a ƙofa ya ce ko kiɗa ko ɗaki, su zaɓa. Ita aka tare, don ita ce mai ji. Ba ni da abin da zan zarge ta da shi, kuma duk wanda ya zage ta a gabana zai ji babu daɗi. Mace ce da ke tsayuwa kan guga tun safe har ƙafafunta su kumbura, ta dawo ta tarar da maƙwabta sun ɗaure mata fuska.

Ita da bakinta ta ba ni labarin ranar. Ranar hutunta ce, da hantsi, Yaya yana wanka. Nas ɗin ta ƙwanƙwasa ƙofa idanunta jajur, ta ce jiya saura kaɗan ta yi wa mara lafiya allurar wani saboda rashin barci, don Allah a taimaka mata yau kaɗai. Matar Yaya ta rasa yadda za ta yi. Ta san in ta roƙe shi zai rage, kuma ta san hannun zai koma. Sai ta leƙa bayan akwatin ta zare wayar sifikar. Tunaninta zai ɗauka akwatin ne ya ɗan yi gardama, ya haƙura, yarinya ta yi barci, da yamma ta mayar ba wanda ya sani. Haka take yi wa rediyonta in jikokinta sun dame ta.

Yaya ya fito, ya kunna, ya jira. Kwalaben suka yi ja yadda suka saba. Ya taɓa tsirkiya bai ji komai ba. Bai zargi akwatin ba ko kaɗan, don tun ranar asibiti yake jiran safiyar da zai tashi babu kunne, sai ya ɗauka ita ce ta zo. Ya murɗa abin ƙara muryar har ƙarshe, ya manna kunnensa da yadin, ya dinga dukan tsirkiyoyin da iya ƙarfinsa. Tana kicin tana jin ƙarar su a bushe, tana hawaye, tana ce wa kanta bari yarinyar nan ta ɗan samu ko kaɗan ne. Sai ta ji ƙauri. Ta fito a guje tana kiransa, shi kuma ya juyo, domin kuwa ya ji ta. Nan ya gane ba kunnen ba ne. Ya juya akwatin ya ga wayar tana lilo. Ya mayar da ita, ya taɓa tsirkiya, shiru. Ta ce mini da ma zaginta ya yi. Shi kuwa sai ya kashe makunnin ya nemi takalminsa.

Muka je lungun masu taya muka tarar da shagon an shafa masa fenti, wani saurayi yana gyaran waya a ciki. Baba Dalma ya sami shanyewar ɓarin jiki, yana gida. Muka zaga masu gyara. Wani ya ce a kwashe kwalaben a zubar ya sa masa kayan zamani, wani ya leƙa ya yi dariya ya kira abokinsa ya zo ya ga abin tarihi. Ɗaya ya ɗaura wata taransifomar da ya ciro ko daga ina, akwatin ya yi ta gurnani ba kiɗa, muka biya shi ladan ɓata mana mako.

Ƙarshe gidan tsohon muka nufa. Yana zaune a kujera, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Ya shinshina bayan akwatin, bai tambayi abin da ya faru ba. Ya ce sai an warware an sake naɗi, kuma shi yanzu ido da baki kawai gare shi. Matar Yaya ta ce a koya mata. Daga nan kullum in ta tashi daga otal can take wucewa, ta zauna gaban ɗan injin naɗin tana juya marikin, tsohon yana faɗa mata ta sassauta ko ta matsa gefe. Hannun da ya saba matse zanin gado bai san waya mai kaurin gashi ba. Tana tsinkewa, tsohon kuma ba ya yarda da ɗauri, sai a koma farko. Wasu ranakun jikinsa ya hana, wasu ranakun wayar ta ƙare a yi ta nema.

Ni kuwa ina auna kunnen da maƙogwarona. Da farko in na ɗaga murya ya isa. Daga baya sai na sa baki a kunnensa. Daga baya na koma rubuta masa a waya. Ya daina ɗora haɓa a jitar, ya ce ƙashin ma ya daina kawo komai. Nas ɗin ta sami ɗaki kusa da asibitinsu ta tashi tun tuni, wani mai sayar da katifa ya shiga, wanda ba ya wuni a gida. Wannan ya ƙona mini rai fiye da yadda zan iya faɗa.

Ranar da aka gama naɗin, da yamma matar Yaya ta shigo da akwatin, ta ajiye a gabansa. Ina nan. Ya dube shi ya dube ta, ya duba wayar baya, ya jona jitar ya kunna. Ya ɗora hannu a gwiwa ya jira. Da kwalaben suka yi ja ya taɓa tsirkiya, sautin ya fito da kaurinsa, ya fi na ranar shagon daɗi. Sai a lokacin na gane abin da ya sa ya sayar da babur. Ya matsa da kunnen hagu, ya sake taɓawa, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Auta, yana fita?"

Na gyaɗa kai. Ya ce madalla, ya fara ɗaya daga waƙoƙinsa, yana kallon yatsunsa. Bai kuskure ko ɗaya ba. Matarsa ta durƙusa gaban akwatin ta murɗa abin ƙara muryar har ƙarshe, gilashin taga ya kama rawa, yara suka taru a ƙofa. Ta zuba masa ido tana jira. Ya kai ƙarshen waƙar, ya ga inda hannunta yake, ya ɗauke shi a hankali ya mayar da abin baya.

"Bar shi haka," ya ce. "Kin sha wahala a kansa, kada ya sake ƙonewa."

Ya kashe makunnin, ya jira kwalaben suka huce, ya ɗauko tsohon tawul ya rufe akwatin.