Kalmar Da Fusae Ta Hana Faɗa

Shekara arba'in da ɗaya Fusae ta yi a wani lungu na birnin Kyoto, a ƙasar Japan, tana ɗinkin ado a jikin ucikake, doguwar rigar da amarya ke yafawa a kan kimono, tufarsu ta gargajiya. A ɗakin aikinta ba a cewa "yanke". Tsofaffi sun ce kalmar na kashe aure, balle a faɗe ta a kan rigar amarya. In za a datse zare sai a ce "ya isa". Wadda bakinta ya suɓuce, ranar a waje za ta sha shayinta, ko ƙanƙara ake yi. Masifaffiya ce Fusae, ba na ɓoye muku.

Amare nawa ta yi wa, ita ma ba ta sani ba. Riga guda ɗaya ce ba ta sayarwa ba: jan siliki, gauraki bibbiyu da zaren zinariya, bakin ƙasan an cusa masa auduga don ya ja ƙasa da nauyi. Ta 'yarta Cizuru ce. Shekara uku tana kanta.

"Mama, ai sai na tsufa kafin ki gama!"

"Tsufa mana. Wa ke gaggawar ɗaukar ki da wannan bakin?"

Saura wata biyu biki Cizuru ta kwanta ciwo. Ba ta tashi ba.

Tun zamanin kakanni, rigar macen da ta mutu ɗakin ibada ake kai ta, a mai da ita shimfiɗar teburin addu'a, ladan ya isa ga mai ita. Amma sai an sa mata almakashi. Fusae ta ƙi. Shekara goma sha tara, duk kaka sai ta fito da ita ta sha iska, ta ninke, ta mayar. Abin tausayi ne, da ban haushi.

Bana ƙanwarta Tokiko, wadda a ɗakin ta koyi aiki, ta gaji.

"Haba Yaya! Asu kike ajiye wa? Idonki ya tafi. Ranar da babu ke dillalai za su kwashe ta, a rataye a bangon otal. Ita kuma yarinyar ba ta samu komai ba."

Kwana huɗu Fusae ba ta yi mata magana ba. Ran na biyar ta shimfiɗa rigar a tabarma, ta lalubo almakashi ta miƙa mata.

Tokiko ta durƙusa, ta ɗora almakashin a kan silikin. "Daga nan ne... ya isa?"

"Wane auren ya rage da zai mutu?" in ji Fusae. "Yanke, Tokiko. Yanke. Amma kada ki raba gaurakin."